Wanda ya taɓa sayen DAC don sauraro a gida, ya ba mu labarin yadda ya gwada

Abu Hanan, Rikkos:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar amfilifaya 'yar Japan da na gada wurin mahaifina, da lasifika biyu na katako, har yau suna aiki sumul. Sai dai duk abin da nake saurara yanzu a laftof yake, karatun Alƙur'ani da tsofaffin waƙoƙin kalangu da goge. In na jona ta ramin iyafis sai in riƙa jin wani shuuu a ƙarƙashin sautin, har canzawa yake in na motsa linzamin kwamfutar. Ƙanena ya ce DAC zan saya, wai akwatin da ke juya lambobin da ke cikin fayil su zama sautin da amfilifaya ke karɓa. Na duba na ga wani kuɗinsa bai kai na cajar waya mai kyau ba, wani kuwa ya kai kuɗin babur. Waɗanda suka riga mu shiga, me kuka gani da kunnenku?

Injiniya Mai Gyara, Dilimi:
Wa alaikumus salam Malam. Ai kana da DAC tuni, yana cikin laftof ɗin, shi ya sa ma take magana. Matsalarsa zama cikin hayaniya, ga caja ga fanka ga allo duk a kusa da shi, shi ne shuuu ɗin da kake ji. Kafin ka kashe sisi, cire cajar laftof ɗin ka saurara a kan batir. In ƙarar ta ragu, ka san daga wuta take shigowa.

Ni abin da ya faru da ni ke nan a shago. Na sayi ƙaramin DAC na USB, na jona, sai gurnani ya ƙaru maimakon ya tafi, irin huuum ɗin nan mai kauri na wutarmu mai 50 haz. Kwana biyu ina zagin akwatin, ashe laifin soket ne: kwamfuta a bango ɗaya, amfilifaya a wani, wayar ƙasa ta haɗa su ta hanya biyu. Da na koma kebul mai haske, wanda ake kira optikal ko Toslink, shiru kamar an ɗauke ruwa. Haske ne ke bi ta cikinsa, babu ƙarfe, don haka gurnanin ba shi da gadar tsallakawa. Saboda haka duk wanda za ka saya, ya kasance yana da ƙofar optikal ko da yau ba ka buƙata.

Baban Ummi, Rayfield:
Ni dai kunya na sha, bari in faɗa don wani ya tsira. Wani abokina ya dawo daga Ingila da DAC mai nauyi, kuɗinsa ya ninka nawa wajen sau goma. Ya kawo gidana ranar wata Asabar muka jona. Wallahi da aka kunna nasa sai na ji kamar an yaye labule, mai kalangu ya matso gabana, muryar 'yan amshi ta rabu ɗaya bayan ɗaya. Har na fara lissafin abin da zan sayar.

Ɗana da ke karatun lantarki a Jami'ar Jos yana gefe yana murmushi. Ya ɗauko mita irin ta masu gyaran rediyo, ya saka wani sauti mai tsayawa wuri ɗaya na kilohaz 1, ya auna bakin kowanne. Nawa yana fitar da bolt 2.0, na baƙo 2.3. Ya ce Baba wannan ya ɗan haura desibel 1 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kunne ba ya jin irin wannan a matsayin ƙara, yana jin sa ne a matsayin daɗi. Ya daidaita su, ya sa muka juya baya, shi ke sauya waya ba tare da ya faɗa mana ba, yana rubutawa a takarda. Sau goma muka yi. Na canka daidai sau shida, mai kayan da kansa sau huɗu. Da kwabo muka jefa ma abin da za mu samu ke nan. Abokin nawa bai ci abincin dare ba ya tafi.

Dattijo, Anguwan Rogo:
Baban Ummi, ban ƙaryata ka ba, amma gwajin minti biyu biyu ba shi ne zama da kaya ba. Na yi shekaru ina haɗa sauti a situdiyo a garin nan, kuma akwai na'urar da sai ka yi awa uku da ita kake jin kunnenka ya gaji. Na zauna da iFi Zen DAC mai ayisin Burr-Brown, wato ɗan ƙaramin cip ɗin da ke yin aikin a ciki, na zauna da wani mai ayisin ESS Sabre, kuma zuciyata ta fi kwanciya da na farkon a kan muryar mai karatu. Ko kunne ne ko sabo ne, ni dai da shi nake kai dare.

Baban Ummi, Rayfield:
Baba Dattijo, girmanka ne. Amma ka yarda in turo maka yaron da mitarsa?

Dattijo, Anguwan Rogo:
Turo shi, akwai shayi. In ya kayar da ni zan faɗa a nan.

Injiniya Mai Gyara, Dilimi:
Maganar ayisi da Baba ya tayar, kada Malam Abu Hanan ya ruɗe da sunayen. A watan Oktoban 2020 gobara ta ci masana'antar AKM, masu ƙera ayisin DAC, da ke Nobeoka a Japan, ayisinsu ya yi wuya, kamfanoni da yawa suka koma ESS. Kamfanin Schiit ma haka ya yi da DAC ɗinsa mai suna Modi. Akwatuna suka ci gaba da fita, mutane suka ci gaba da saurara. Abin da aka gina kewaye da ayisin, wato wutar da ke ciyar da shi da sashen da ke fitar da sautin, ya fi sunan da ke kansa tasiri.

Maman Khalil, Farin Gada:
Nawa na talabijin ne, don lasifikarta kamar ana magana cikin gwangwani. Na jona ta optikal, sai wata ƙara tsss mai tsinka kunne, yara suka watse. Har na naɗe shi zan mayar, sai maƙwabciyata ta ce in shiga saitin sauti in canza daga Dolby Digital zuwa PCM. Shi ke nan fa. Irin waɗannan akwatunan na lasifika biyu PCM kawai suke ganewa. Mai shagon bai gaya mini ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Sai kuma abu ɗaya, rimot ɗin talabijin ya daina rage sauti tunda na koma optikal. Da na sani da mai rimot nasa na saya, yanzu Khalil ne rimot ɗina.

Sani Bukur:
Yallaɓai Abu Hanan, tambaya ɗaya: waƙoƙin nan naka daga ina suka fito? In daga kaset aka kwafe su, aka matse su MP3 mai 128, aka yi ta tura su a WhatsApp, to DAC ba boka ba ne. Ni da na sayi nawa sai ma na fara jin shuuu ɗin kaset ɗin fes, wanda da can yake ɓoye. Kuma kada lambobin jikin kwali su ja ka, su 32 bit da 768 kilohaz. Faifan CD tun fitowarsa a 1982 bit 16 ne da kilohaz 44.1, wannan ya ɗauki sauti har kilohaz 22, kunnen yaro mai lafiya kuwa a wajen 20 yake tsayawa. Mu da muka haura arba'in ba ma kaiwa nan.

Ka kula da wuta kuma. Ɗan'uwana ya aiko mini da wani daga Amurka, adaftarsa ta bolt 120 ce, ban karanta ba na soka a 230 ɗinmu. Hayaƙi kawai na gani. Wanda nake da shi yanzu bolt 5 yake ci ta USB, sai na ɗora shi a kan fawa bank, ko an koma janareta ko inbata babu ruwansa.

Injiniya Mai Gyara, Dilimi:
Dabarar fawa bank ɗin nan tana aiki, musamman masu inbata mai arha da ke sa amfilifaya gurnani. Sannan lokacin hunturun Jos a taɓa ƙarfen ƙofa kafin a taɓa kayan. Tartsatsin da ke fita daga yatsa in iska ta bushe yana sa USB ya yanke, an kawo mini biyu bara a kan haka, lafiyarsu ƙalau.

Abu Hanan, Rikkos:
Allah Ya saka da alheri. Na cire caja kamar yadda Injiniya ya ce, shuuu ɗin ya ragu sosai amma bai mutu ba. Sai na ari 'yar guntuwar wayar Apple ta USB-C ɗin nan ta ƙanena, ashe ita ma DAC ce a ciki. Na jona, ƙarar ta tafi gaba ɗaya, illa sai na murɗa amfilifaya sama fiye da da kafin sautin ya cika falo. Malam Sani, gaskiyarka, rabin waƙoƙin daga kaset ne, karatun ne kawai mai tsabta.

Duk da haka ina son mai optikal da rimot saboda talabijin. Baba Dattijo, in ba damuwa, ranar da yaron Baban Ummi zai zo da mita a sanar da ni. Zan taho da amfilifayar tawa a Keke Napep bayan La'asar, a jona a kanta, tunda da ita zan zauna.

Dattijo, Anguwan Rogo:
Asabar. Ka zo da wayoyinka na RCA, masu haɗa DAC da amfilifaya, nawa guda biyu ne kacal, kuma ka riƙe amfilifayar a cinya, hanyarmu akwai ramuka.