Kunama ce ko harsashi? A taimaka mini

Salamu alaikum 'yan uwa maharba, don Allah ina neman shawara, abin nan ya ishe ni. Ina da 'yar bindiga .22 LR (wani ƙaramin nau'in harsashi ke nan) mai ɗura kanta wadda na gada wajen kawuna, takardunta cikakku, zomo da zabin daji kawai nike nema da ita can wajen gonarmu hanyar Madarunfa.

Matsalar ita ce in na kafa kwali a mita 50 na harba biyar, uku za su taru wuri guda, biyu kuma su kauce dama kamar faɗin tafin hannu. Kunamar tauri gare ta, na rataya ma'aunin 'yan kifi na ja, sai da ta kusa kilo 3 kafin ta saki, kuma tana ɗan gurzawa kamar da rairayi ciki, to ina jin lokacin da nike matsawa ne bakin ke motsi.

Amma fa harsashin ma na zarge shi. Mai saurin nan da ke fita wajen mita 380 a sakan ya fi gudun sauti, yana ragewa ya faɗo ƙasa da shi a hanya sai ya yi tangaɗi. Na gwada mai sanyi na mita 330, wallahi ya fi taruwa, sai dai ba ya tura makullin (ƙarfen da ke fidda kwanso ya ɗura sabon harsashi) baya sosai, kwanson ya maƙale duk bayan harbi kaɗan, da ƙurar hunturun nan ma abin ya ƙaru.

To wanne zan fara bi? Wanki da mai kaɗai na iya sassauta kunama ko sai gwani ya buɗe ta? Ni dai tsoron goga ta nike kar ta rinƙa tashi da kanta.