Wa muka aika Yamai?

Tela na Bagalam:
Salamu alaikum. Jiya ina birkita adaka na ci karo da katina na zaɓen 'yan majalisa na 2020. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Ran Lahadi, 27 ga Disamba,
Sanyi na yanka na fito tun asuba,
Na bi layi a lakwal ko kumallo ban karya ba,
Na jefa ƙuri'a, tawada a yatsa kwana uku ba ta fita ba.
Jam'iyya na zaɓa, ita na duba,
Wa na aika Yamai? Har yau ban san sunansa ba.

Mushe na Tasawa:
Baba Tela, tambayarka tana bisa hanya,
Kujera 171 ke gare ta a lokacin, majalisar ƙasa baki ɗaya,
Kujera 158 jihohi suka raba, kowace jam'iyya da sunayen da ta shirya,
Yawan ƙuri'arta, yawan kujerunta, daga saman jeri a ƙirgo ɗaya-ɗaya.
Takwas na mazaɓu na musamman, Barmo tamu na cikinsu ita ma ɗaya,
Biyar na 'yan ƙasa mazauna waje, masu nisan tafiya.
To ɗan Dakoro da ɗan Gazawa, duk 'yan jihar Maraɗi, jeri guda suka zaɓa,
Shi ya sa ba ka da ƙofar da za ka buga kai tsaye.

Inna ta Tibiri:
Mushe ɗana, ka ƙirga kujeru ka manta da mata,
Mu muka cika layi, da goyo, da 'yar buta.
Dokar 2019 kashi 25 cikin ɗari ta yanka mana, na ji ta,
Na yi guɗa ranar, har maƙwabta suka fita.
Sai ga damina, gulbi ya ci mani garka da katangata,
Na nemi wadda ta sha furata lokacin kamfe, lambarta a kashe take, ban same ta.

Ɗan kabu-kabu na Madarunfa:
Inna, sannu, namu ciwon dare ne,
Shanun babana goma, 'yan bindiga suka kora, ina tsaye ne.
Da na san ɗan majalisata, da gidansa zan kwana a zaune.
26 ga Yulin 2023 aka yi juyin mulki, aka rufe zauren majalisa, shiru ne,
Kukan nan yana wuyana har yanzu, a daskare ne.

Tela na Bagalam:
Allah ya mayar da alheri, ɗana, Inna ki yi haƙuri,
Ni na ɗinka rigunan kamfe, ruwan hoda da kore da fari,
Ran da zaɓe ya dawo, duk mai son ƙuri'ata ya zo shago da wuri,
Ya zauna kan bencina, ya faɗi sunansa da na ubansa da gari,
In rubuta a littafin awo, kusa da kafaɗa da tsawon jiki.
Katin na mayar adaka, na naɗe shi cikin ƙyalle fari.