Dabul bes: wane kiɗan zamani zan kai jarabawar shiga makaranta?

Ɗan_Kakuri:

Salamu alaikum 'yan gida, don Allah masu kaɗa dabul bes (babban gogen Turawa mai kaurin murya) ku taimaka min da shawara kaina ya ɗau zafi. Shekara 6 ke nan ina kaɗawa, a Legas na koya, yanzu ina neman makarantun kiɗa guda 2 a Jamus da 1 a Ingila, ɓangaren okestura. Takardar ɗaya ta ce in kawo kwanceto (kiɗan da makaɗi ɗaya ke jan gaba okestura na raka shi), da kiɗa ɗaya na zamani, da gutsuren okestura (guntayen sassan bes daga cikin manyan kaɗe-kaɗen okestura). Kwanceto ba matsala, na Dittersdorf yana hannu tun bara. Na zamanin ne ya tsaya min a wuya. Na so in sa kwanceton Koussevitzky tunda 1905 aka fara kaɗa shi, ai ƙarni na 20 ne ko? Malamina ya yi dariya kawai bai ce komai ba. Sai wani abokina mai kaɗa celo (ƙanen bes a girma) ya ce in ɗauko Theraps na Xenakis wai shi zai sa alƙalai su miƙe zaune, na saurara a YouTube wallahi har yanzu ban gane inda aka dosa ba. Saura wata 5. Kuma tsirkiyar okestura ce a kan kayana, ba ni da ta solo.

Anti_Bes:

Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminka ya kyauta da ya tsaya a dariya. Koussevitzky a kalanda ne kawai yake ƙarni na 20, amma kunne na jin sa ya san ɗan gidan su Tchaikovsky ne, zaƙi da jan rai daga farko har ƙarshe, in ka miƙa shi a matsayin na zamani za su ɗauka ba ka gane tambayar ba. Ajiye shi, zai yi maka amfani in wata makarantar ta nemi kwanceto na biyu.

Shi kuma abokinka mai celo ka ce masa ya fara kaɗa maka Theraps ɗin a bes ka gani. Xenakis ya rubuta shi a 1976 don Fernando Grillo, kiɗa ne da manyan ƙwararru ke shafe watanni a kai, yatsa har ya yi kanta, ga shi ya wuce minti 10, alhali duk jarabawar taka ba mamaki ba za ta wuce minti 15 zuwa 20 ba kuma suna iya tsayar da kai a tsakiya su ce na gaba. Me za su ji a minti 2 na farkon Theraps? Ba za su san ko hannunka na hagu yana sauka daidai ba, kuma wannan shi ne abin da suka zauna su ji.

Ni Hindemith zan ce maka. Sonatarsa ta bes da fiyano, 1949. Kashi 3 ne, na farkon gajere ne kuma yana tafiya da ƙafarsa, babu wani malamin bes a Jamus da bai san ta ciki da waje ba. Wannan alheri ne kuma tarko ne, don duk inda ka zame za a ji. Amma mai neman shiga makaranta ai ba ɓuya ya zo yi ba, so ake a ga abin da za a iya ginawa a kai.

Ɗan_Kakuri:

Na gode Anti. Amma na ji an ce Hindemith da saitin solo aka rubuta ta, ni kuwa kamar yadda na faɗa E A D G nake kai.

Gogen_Bature:

Gaskiya ne, nan ne zan ɗan saɓa wa Anti da dukkan girmamawa. Saitin solo ana ɗaga kowace tsirkiya ne da murya ɗaya, ta koma F# B E A, yatsunka ba su canza wuri ba amma abin da ke fita ya hau, to takardar mai fiyano an rubuta ta ne don hakan. In ka je da saitin okestura da takardar fiyano ta solo kai da mai raka ka kowa zai kama hanyarsa. Kuma don Allah kar ka ce za ka murɗe tsirkiyar okestura ka kai ta sama, nauyin da za ta ɗora wa allon gaba ba kaɗan ba ne, ni na taɓa gwadawa da hunturu a Kaduna lokacin ina ƙuruciya katako ya bushe ƙayau, da safe na tarar da tsaga kusa da ramin f (ramin sauti mai siffar harafin f a allon gaba), kuka ne kawai ban yi ba.

Sannan ka yi tunanin wannan: ba da bes ɗinka za ka hau jirgi ba, kuɗin ɗaukarsa kaɗai ya isa ya hana ka barci. Aro za ka yi a can. Ka rubuta musu tun yanzu ka tambaya wane saiti ne a kan wanda za su ba ka, tsirkiya 4 ce ko 5 (a okesturorin Jamus mai 5 ta yi yawa), kuma awa nawa za a bar ka da shi kafin ka shiga. Tsawon tsirkiya ma yana bambanta, santimita 2 kacal sun isa su sa duk abin da ka haddace a wurin babban yatsa ya kauce.

Shi ya sa ni na fi son kiɗan da bes ke yi shi kaɗai ba fiyano, ka huta da maganar saiti gaba ɗaya. Psy na Berio, 1989, bai fi minti 2 ba, yana da cizo, kuma ba wanda zai ce ba na zamani ba ne. Ko Kadenza na Teppo Hauta-aho ɗan Finlan, shi kansa makaɗin bes ne don haka abin yana kwanciya a hannu, akwai tsinka da yatsa akwai hamonik (siririn sautin da ke fita in an taɓa tsirkiya sama-sama) akwai wurin da za ka saki jiki. Wasu za su ce maka Suite im alten Stil na Fryba, 1954 ne tabbas, amma sunan ma ya tona shi, salon da ne, kwaikwayon su Bach, in takardar ta ce na zamani ni ba zan yi kasadar ba.

Anti_Bes:

Ban ƙi ba, Psy zaɓi ne mai kyau in lokaci ya ƙure. Sai dai minti 2 ba ya nuna ko yaro ya iya sauraron wani yana kiɗa, kuma ɓangaren okestura yake nema, aikinsa duka sauraro ne. Ka tambayi makarantar ko mai fiyanonsu yana da takardar da aka saukar don saitin okestura, sau da yawa ba kai ne na farko da ya zo da wannan matsala ba.

Malam_Tsirkiya:

Duk kun tsaya a solo kun manta yaron ya ce gutsuren okestura, alhali nan ne aka fi faɗuwa. Ɗana, fara karanta takardar da kyau, in sun lissafa gutsuren da suke so to magana ta ƙare, yawanci ba ya wuce simfonin Beethoven na 5 kashi na 3, da resitatif (wurin da bes ke kwaikwayon magana) na Beethoven na 9, da Mozart na 40, wani lokaci Strauss. In kuma sun bar maka zaɓi kana son ka sa na ƙarni na 20 a ciki, ga yadda nake ganin su.

Pulcinella na Stravinsky, 1920, wurin da bes ke wasa da turombon. Ina son sa wa ɗalibi saboda yana da barkwanci, gajere ne, kuma yana tona wanda bai iya riƙe lokaci ba. Kar ka kaɗa shi da ladabi, ba wurin ladabi ba ne, ka shafa ƙaro sosai a izgar ka bar sandar ta ciji tsirkiya. Lieutenant Kijé na Prokofiev, 1934, akasin haka ne, layi ne mai sauƙi a ido, sama yake, a hankali, ba inda za ka laɓe, in muryarka ta karkace ko kaɗan duk ɗakin ya ji. Na Britten kuma, wanda ya rubuta don gabatar wa yara kayan okestura, akwai wurin da 'yan bes ke hawa har can sama su sauko, shi ma yana yawan fitowa a jarabawa a Ingila.

Wanda zan hana ka shi ne Ginastera, Variaciones concertantes na 1953. Kyakkyawa ne ƙwarai, bes da molon Turawa mai tsirkiya da yawa su biyu kawai, amma wannan ana ba masu neman kujerar shugaban 'yan bes ne, hawansa ya yi nisa, a kan kayan aro da ka taɓa jiya da yamma? A'a.

Abu ɗaya da ɗalibai ba sa yi: ka nemo cikakken kiɗan ka saurara da takarda a gabanka har ka san wa ke kaɗawa kafin ka shigo da wa ke amsa maka. Alƙali yana gane wanda ke jin okestura a kansa tun daga numfashin da ya ja kafin ya fara. Kuma ka riƙa ɗaukar kanka a waya kowace Juma'a, ɗauka ɗaya ba tsayawa, da metironom (na'urar ƙidayar lokaci) sannan ba shi.

Ɗan_Kakuri:

Allah ya saka da alheri Malam, Anti, Yaya Goge. Na tura musu saƙo yanzu kan maganar saiti da kayan aro. Kafin su amsa zan fara kashin farko na Hindemith da Pulcinella gobe, in ajiye Psy a gefe ko da amsar ba ta yi daɗi ba. Abokina mai celo ya karanta duka, ya ce shi fa wasa yake yi. Tambaya ɗaya ta rage, sandar gogena irin ta Faransa ce, a Jamus za su yi min kallon bare ne ko ba komai?

Anti_Bes:

Mafi yawansu riƙon Jamus suke yi, wannan gaskiya ne, amma kar ka kuskura ka canza riƙo saura wata 5. Je da wadda hannunka ya sani, in an ɗauke ka sai ku yi wannan rigimar da malamin da ka samu.