Bashin da aka yafe maka a Amurka, hukumar haraji ta IRS na jiran kasonta

Ga abin da na tsinta daga hirar da mukai kan kamfanonin da ke karɓo bashi daga hannun waɗanda ake bi a Amurka. Ace katin bashi ya ci ka dala 5,000, kamfanin da ya sayi bashin ya ce kawo 2,000 a rufe magana, kai kana murna, to ashe 3,000 ɗin nan da aka yafe IRS kallonsa take kamar kuɗin da ka samu ne, haraji zai hau kai. In yafiyar ta kai dala 600 galibi za su turo maka fom 1099-C, wato takardar da ke nuna bashin da aka yafe, su tura wa IRS ma, kuma ko bai zo ba, ba wai ka tsira ba ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne maganar karyewa, wato in bashinka gaba ɗaya ya fi duk abin da ka mallaka dab da yafiyar, har mota da kuɗin ritaya ana lissafawa fa, sai ka cike fom 982 a cire maka daidai giɓin da ke tsakaninsu daga kuɗin da haraji zai hau. Wani a hirar ya nace kar ka biya kamfanin ko sisi sai yarjejeniyar ta zo a rubuce, maganar waya iska ce.