Mai shekara 57 zai koma aikin akanta bayan ritaya da wuri: me ya kamata ya duba?

Sanusi, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan yayana. Akanta ne, ya yi shekara 24 a wani kamfani mai zaman kansa, ya yi ritaya ƙarshen 2017 da aka rage ma'aikata aka ba su kuɗin sallama. Yanzu shekararsa 57, kuɗin sun ƙare, ga yara uku a lakwal. Wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya ta Ɗan Isa yana so ya riƙe masa lissafi a kan jaka 200 (sefa 200,000) a wata. Abin da ke hana shi barci: kada komawar ta taɓa fanshonsa, kada kuma ya je ya tarar aikin ya wuce shi, yara sa'annin ƴaƴansa su riƙa gyara masa. Masu sani ku taimaka, Allah ya saka.

Malam Hamisu:

Wa alaikumus salam Malam Sanusi. Kafin komai, wace irin ritaya ce? Mutanenmu suna kiran abu uku da suna ɗaya. Akwai ma'aikacin gwamnati, shi hanyarsa ta CARENI ce, hukumar fanshon ma'aikatan gwamnatin Nijar. Akwai ma'aikacin kamfani da CNSS, hukumar da ke riƙe fanshon ma'aikatan kamfanoni, ta fara biyan fansho tun yana 55 saboda likita ya shaida ƙarfinsa ya ƙare kafin lokaci. Akwai kuma wanda kawai ya karɓi sallama ya zauna gida yana jiran 60. Na biyun shi ne ke cikin haɗari, don sharaɗin fanshon CNSS shi ne mutum ya daina aikin albashi. In ya koma aka sake rubuta shi, fanshon ne zai tsaya. Yayanka yana karɓar wani abu daga CNSS yanzu?

Sanusi, Ali Ɗan Sofo:

A'a Malam, ko dala bai fara karɓa ba. Sai ya cika 60 aka ce.

Malam Hamisu:

To alhamdulillahi, babu fanshon da za a tsayar. Amma akwai wani rami da mutane ba su cika gani ba. Ana lissafa fansho ne da abu biyu: yawan watannin da aka zuba wa mutum, da matsakaicin albashinsa na shekarun ƙarshe. Komawa aiki za ta ƙara masa watanni, wannan riba ce. Amma in a da yana ɗaukar jaka 350 yanzu ya dawo 200, shekarun ƙarshen nasa sun zama na ƙaramin albashi, kuma matsakaicin na iya sauka. Ribar watanni 36 ba lalle ta cike wannan giɓin ba.

Saboda haka kafin ya sa hannu, ya ɗauki lambarsa ta CNSS da takardun albashinsa na ƙarshe da takardar shaidar aiki ya je ofishinsu na nan Maradi. Ya nemi a fitar masa da tarihin zubinsa wata-wata, ya zauna ya duba da idonsa, don sau da yawa ana samun watannin da aka cire wa ma'aikaci kuɗi amma kamfani bai kai ba, gyaran kuwa ya fi sauƙi tun tsohon kamfanin yana nan. Sannan ya ce a lissafa masa sau biyu: in ya zauna har 60, da in ya koma a kan 200. Ya roƙi amsar a rubuce.

Sai maganar kwantaragi. A jaka 200, kason ma'aikaci kashi 5.25 ne cikin ɗari, wato sefa 10,500, ban da harajin albashi. Kason mai gida ya haura kashi 16, sama da jaka 30 duk wata. Shi ya sa wasu ke cewa "bari mu rubuta ka a kan jaka 42, sauran mu ba ka a hannu", tunda 42 ɗin shi ne mafi ƙarancin albashi a doka. Don Allah kada ya yarda. Ga mai shekara 57 wannan yanka kai ne da wuƙar kansa, abin da aka rubuta shi za a lissafa masa har ƙarshen rayuwa. A rubuta kwantaragin, a faɗi CDD ne (mai wa'adi) ko CDI (marar wa'adi), a faɗi tsawon gwaji, awa 40 a mako, da hutun shekara. In wani layi ya shige masa duhu, ofishin sufeton ƙwadago yana nan.

In lissafin ya nuna albashi zai cuce shi, akwai wata ƙofa, in doka ta ba shi dama: ya buɗe NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ya riƙe littattafan a matsayin mai zaman kansa, yana ba da takardar biya duk wata. Harajin kansa ya koma wuyansa, kuma babu inshorar haɗarin aiki, amma zai iya haɗa ƴan kasuwa biyu ko uku.

Hajiya Rakiya:

Malam Hamisu ya gama da fansho. Ni tsoronsa na biyu zan taɓa, kuma ba zan ce masa ba komai ba, don ya bar aiki daidai kan gaɓa. Sabon SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni da Nijar ke bi, ya fara aiki 1 ga Janairu 2018. TAFIRE, jadawalin inda kuɗi suka fito da inda aka sa su, da ya saba cikawa, an cire shi, an kawo jadawalin shige da ficen kuɗi, bayanan da ke rakiyar rahoton shekara sun ƙaru, wasu lambobin asusu sun canza. Ga kuma takardar sayarwa mai shaidar hukumar haraji, wadda in babu ita harajin TVA na kashi 19 da aka biya a kan kaya na iya ƙin ciruwa.

Amma zare da zubi, wato débit da crédit, ba su canza ba. Wanda ya yi shekara 24 yana rufe shekara, mako shida sun ishe shi in ya dage. Ya samo sabon jerin asusu ya ajiye kusa da tsohon, ya bi aji 1 zuwa 8 yana sa alama da jan biro inda aka sauya. Ya ɗauki lissafin wata tsohuwar shekara da ya sani ciki da waje ya sake zuba shi a sabon tsari, a Excel tukuna, sannan a Sage ko duk manhajar da gidan ke amfani da ita. Awa biyu bayan asuba, kullum. Ya biya wani matashin akanta ya zauna da shi sau biyu a mako. Babu kunya a nan, yaron ya san maɓalli, shi ya san inda kuɗi ke ɓuya.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba kwamfuta ba ce, ranar karɓar aiki ce. Gidan kasuwa ba kamfani ba ne. Aljihun Alhaji da akwatin shago sau da yawa ɗaya ne: a ɗauki kuɗin cefane, a ba wani gudummawar biki, a sayi kaya da naira a Jibiya ba a rubuta canjin ranar ba. Ranar farko, a ƙirga kuɗin akwati a gaban mai gida da shaida, a ƙirga kayan sito, a karɓo takardar banki ta wata uku a daidaita, a rubuta sunayen masu bashi da abin da ke kan kowa, kowa ya sa hannu da kwanan wata. In bai yi haka ba, ramin da wani ya haƙa shekara biyu baya shi za a ce ya haƙa. Ya buɗe wa mai gida asusu na kansa, duk abin da ya ɗauka a rubuta a ƙaramar takarda ya sa hannu, ko da jaka ɗaya ce.

Mushe Lawali:

Ƙanena, ka ce wa Yaya ya fara da likita. A auna hawan jini sau biyu ko uku a ranaku daban, in yana kai 14/9 a fara magani kafin aiki ya fara matsa shi. A auna sukari da safe bai ci komai ba, a duba ido a yi masa tabarau na karatu, don lambobi a allon kwamfuta ba irin na littafi ba ne. Jikin da ya saba ƙailula shekara bakwai ba zai zauna takwas zuwa biyar rana ɗaya ba, balle in farawar ta faɗo a zafin Afrilu. Ya nemi watan farko ya zama rabin yini.

Maganar yara kuwa, a fayyace tun farko wa yake ba rahoto. In ɗan mai gida ne ke kan akwati, Alhaji da bakinsa ya faɗa a gaban kowa cewa kuɗi ba ya fita sai da takardar akanta.

Sanusi, Ali Ɗan Sofo:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Mushe. Takardun albashinsa na nan cikin akwatin ƙarfe, sai dai na 2009 da 2010 gara ta cinye. Malam Hamisu, takardar shaidar aiki za ta tsaya a madadinsu?

Malam Hamisu:

Tana nuna ya yi aikin, ba ta nuna nawa aka zuba. Ya fara karɓo tarihin zubin. In shekarun biyu sun fito a ciki, ba ya bukatar komai. In ba su fito ba, ya rubuta wa tsohon kamfanin ya nemi kwafin sanarwar albashin da suka kai CNSS a waɗannan shekarun, ya riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa a kanta.