Za ni Yamai ganin ɗiyata a jami'a: ina zan sauka, ina za mu ci abinci?

Uwar ɗaliba, Tasawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyata ta fari tana shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni, wata bakwai ke nan rabona da ita. A waya kullum sai "lafiya lau Inna", amma muryar ba ta kwanta mini ba, kuma hoton da ta turo ran Juma'a na ga ƙashin wuyanta ya fito. Na yi niyyar zuwa in gan ta da idona, kwana uku. Ban taɓa taka Yamai ba. Akwai ɗiyar ƙanen maigidana da ke aure a Talaje, amma ba mu saba sosai ba. Waɗanda suka taɓa yin wannan tafiya, don Allah a ina kuka sauka, kuma yaya kuka yi da abinci?

Malamin lakwal mai ritaya, Maraɗi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da ba wanda ya gaya mini kafin zuwana na farko shi ne gulbi ya raba garin biyu. Tashoshin mota da manyan kasuwanni suna gefen tsakiyar gari, jami'a kuwa tana ƙetare, a Harobanda, da kin sauka gadar Kennedy. Ni na kama ɗaki wajen Wadata don na ga kusa da tasha ne. Kullum taksi biyu zuwa, biyu dawowa, ga cunkoson gada da safe da kuma lokacin tashin ma'aikata. Gadar nan tun 1970 take, siririya ce. An ƙara ta Sin a 2011 da ta Seyni Kountché a 2021, amma mai zuwa jami'a daga tsakiyar gari har yanzu tsohuwar yake bi. A kwana uku, zaman da na yi cikin mota ya fi wanda na yi da yarona. Talaje hanyar filin jirgi ce, ta ma fi Wadata nisa. Ki nemi masauki a ƙetare: Lamorde, Karaje, Nogare ko Kirkisoy.

Hajiya 'yar kasuwa, Damagaram:
Malam, ban bi ka a nan ba. Mace ta taso tun daga Tasawa, da 'yar gida a garin, ta je ta kama ɗakin haya? Ranar da labari ya koma gida, maigidanta ne zai sha tambaya wajen ƙanensa. Zumunci a ƙafa yake. 'Yar uwa, ki kira ta tun yanzu ki sanar da ita, ki riƙe mata tsaraba mai kyau, gero, man gyaɗa, ko da kwanon daddawa ne. Ni shekara huɗu ina zuwa ganin nawa biyu, gidan aminiyata a Bukoki nake sauka, ban taɓa biyan dala ba a kan wurin kwana, kuma yaran suna zuwa su ci tuwon gida su ƙoshi.

Uwar ɗalibi, Dakwaro:
Hajiya maganarki gaskiya ce, amma bari in ba ku nawa. Na sauka gidan dangi kamar yadda kika ce, kuma wallahi sun karrama ni, har kaza aka yanka. Sai dai gidan cike yake. Duk lokacin da ɗana ya zo, a tsakar gida muke zama, ga matar gida, ga yara, ga maƙwabta masu zuwa gaishe da baƙuwa. Ya ci abinci, ya yi murmushi, a tambaye shi karatu ya ce alhamdu lillahi, ya tafi. Kwana biyu haka.

Daren ƙarshe na raka shi bakin titi zai hau taksi. Muna tsaye gaban wani mai shayi, sai na ga yana ta murza yatsunsa, ya kasa kallona. A nan ya ce mini burs ɗinsu, wato kuɗin tallafin karatu, bai fito ba wata da watanni, ya sayar da wayar da babansa ya saya masa, wadda yake kirana da ita ta abokinsa ce, kuma ya faɗi darasi biyu yana tsoron gaya mana. Minti goma muka samu, taksi na tsaye yana hon. Da asuba motata ta tashi. Har muka wuce Doso ina share hawaye.

Don haka ki sauka inda kika ga dama, amma ki tabbata akwai ɗakin da za ku rufe ƙofa ke da ita. Yarinyar da ta rame ba za ta buɗe ciki a gaban mutane ba.

Tsohuwar ɗalibar jami'ar, yanzu tana aiki a Tawa:
Inna, ni na yi zaman site, wato gidan kwanan ɗalibai, bari in faɗa miki daga ɓangaren ɗiyarki. Kada ki sa rai da kwana a ɗakinta. Gadajen sun yi wa ɗalibai kaɗan, za ki tarar ana kwana biyu-biyu, wasu a katifa ƙasa. Za ta ji kunyar ce miki a'a, su kuma abokan zamanta su takura.

Maganar abinci kuwa, akwai resto na ɗalibai da ake ci da tike mai araha, sai dai layi ne mai tsawo, wadda darasinta ya kai ƙarfe ɗaya sau da yawa takan haƙura ta sha gari. Ramar da kika gani wataƙila daga nan take. Ranar farko kada ki kai ta wani wuri, ki ce ta kai ki inda ta saba ci. Bakin jami'a akwai mata masu shinkafa da wake, da masu dambu da zogale, wanda Zabarmawa ke cewa kopto, da safe kuma ƙosai da kunu. Ki zauna kan bencin ki ci abin da take ci, ki ga yawan da take saya. Za ki fahimci abin da ba za ta faɗa ba.

Tsarabar da ta fi amfani ita ce wadda ba ta lalacewa a zafi: ƙuli-ƙuli, yaji, garin kunu, busasshen zogale, kuka, sukari, soyayyen nama. Ki ƙulla na abokan ɗakinta daban, su ne danginta a can. Kuma ki tambaye ta ranakun jarrabawa kafin ki yanki tike.

Ɗan kasuwa, Ƙwanni:
Hajiya, daga Tasawa kusan kilomita 800 ne, in kin taso da asuba da dare za ki shiga. Kada ki fita neman ɗaki cikin duhu. Tashoshin manyan motocin suna da wurin kwanan fasinja, da tabarmi da wurin alwala, ki kwana nan, gari ya waye yarinyar ta zo ta ɗauke ki. Tiken komawa ki yanke shi tun ranar. Katin shaidarki ya kasance a jakar hannu, ana tambayarsa a hanya, ana tambayarsa a masauki.

Kada ki biya kuɗin ɗaki sai kin shiga kin gani. Ni na taɓa biyan kwana biyu a wani gidan baƙi tun a ƙofa, na shiga na tarar famfo ba ruwa, fanka ba ta juyi, cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40. Kuɗin kuma suka ce ba a mayarwa. Ki buɗe famfo, ki duba gidan sauro, ki tambaya ko suna da inji in an ɗauke wuta. Wasu wuraren ma ba na mutunci ba ne, ɗalibai sun san su, shi ya sa ki bar ita da ƙawayenta su zaɓa. In tafiyar ta faɗa damina ki yi hankali da unguwannin bakin gulbi, a 2020 ruwa ya fasa madatsar Lamorde ya ci gidaje da yawa a ƙetaren.

Mahaifin ɗaliba, Dogon Dutsi:
Abu ɗaya zan ƙara. Ki ware jika biyar ko fi don cin abinci ɗaya mai kyau. Ni na kai tawa da ƙawayenta biyu wajen masu gasa kifi a bakin gulbi bayan la'asar. Na zauna ina kallonsu sun tsame hannu cikin tire ɗaya suna dariya, suna gwama Hausa da Zabarmanci. Yanzu lambobin yaran nan biyu suna wayata, in tawa ba ta ɗauka ba su nake kira.

Uwar ɗaliba, Tasawa:
Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana su baki ɗaya. 'Yar uwata ta Dakwaro, labarinki ya hana ni barci jiya. Na kira ɗiyar ƙanen maigidan, ta yi murna ƙwarai, na ce mata daren ƙarshe wajenta za mu kwana ni da yarinyar, daga nan in kama mota. Kwana biyun farko kuwa a ƙetare zan yi. Wata ƙawar ɗiyata 'yar Gazawa ta ce yayarta na haya a Karaje, tana da ɗaki ɗaya da ba kowa, za su je su duba mini gobe. Jarrabawarsu na ƙarewa Alhamis, ni kuma zan taso Asabar in sha Allah. Gyaɗar ƙuli tana wajen niƙa yanzu haka.