Babanmu ya rage cin abinci sosai, wa ya taɓa ganin irin haka?

Ummu Khalil:
Salamu alaikum. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki. Babanmu shekararsa 78, wata uku kenan in an kai masa abinci loma biyu uku zai yi ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, agogonsa ma yanzu zamewa yake har tsakiyar hannu. Yayyena sun ce tsufa ne a ƙyale shi, ni kuma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Autan Inna:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kar ki yarda da zancen tsufa ne kawai. Mu ma haka muka yi ta faɗa a kan mahaifiyarmu kusan rabin shekara, ashe haƙoran roba da aka sa mata ne suka yi mata yawa, suna gurzar dasashi har ya yi miki, ita kuma kin san iyayenmu da kara ba za ta taɓa faɗa ba. Ranar da na haska bakinta da fitilar waya sai da na yi ƙwalla. Likitan haƙori ya gyara su, kafin sati biyu ta koma cin abincinta. Ki fara leƙa bakinsa tukuna.

Maman Husna:
Allah ya ba Baba lafiya. Ni kakata na riƙe shekara huɗu, kuma abin da likita ya fara tambayata shi ne nauyinta, na rasa amsa, sai ya ce in tsoho ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa shekara ba tare da ya yi niyya ba to abin a bincika ne, wato mai kilo 60 ya rasa kilo 3 kenan. Daga nan na sayi sikeli ina aunata duk sati ina rubutawa. Sannan ya sa na kwaso duk magungunanta a leda na kai masa, ashe metformin ɗin da take sha na suga yana iya kashe sha'awar abinci, in an daɗe a kai kuma yana rage bitamin B12. Amma fa kar a tsayar da magani da ka, shi ya san yadda ya daidaita mata. Ya kuma ce mu daina cika mata faranti tana ganin tulin abinci ranta ke fita, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, da ƙwai, kifi, wake, madara saboda tsoka, sai dai in akwai ciwon ƙoda nan kam sai an tambaya.

Abu Safwan:
Ku lura da ruwa ma dan Allah. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar mu. Kawuna da gangan yake ƙin sha wai kar fitsari ya tashe shi da dare, rana ɗaya muka wayi gari yana sambatu bai gane 'ya'yansa ba, kowa ya tsorata, a asibiti aka ce ƙarancin ruwa ne da ciwon sanyin mafitsara. Kwana uku da ƙarin ruwa da magani ya dawo hayyacinsa.

Yaya Bilki:
In yana tari ko ƙwarewa lokacin da yake sha ku gaggauta kai shi, surukina haka ya yi bayan shanyewar ɓarin jiki, abinci na zarcewa huhu har ya kamu da nimoniya. Yanzu a zaune cak muke ba shi, kuma ba ya kwanciya sai bayan rabin awa.

Autan Inna:
Af na manta ban tambaya ba, shi kaɗai yake ci ko da mutane?

Ummu Khalil:
Kai wannan tambayar ta taɓa ni. Tun da Mama ta rasu bara a ɗakinsa ake kai masa, a ajiye a fito, alhali shekara 50 tare suke ci. Na gode muku ƙwarai Allah ya saka da alheri. Jibi zan kai shi asibiti da ledar magungunansa, yau da daddare kuma zan ɗauki kwanona in je in zauna kusa da shi.